Inuwar Da Ta Guje Wa Kandarmai

Dalilin da ya sa inuwar giginya take faɗuwa can nesa, ta bar gindinta cikin rana, ba tsawo ba ne kawai kamar yadda ake gaya muku. Ai rimi ma dogo ne, amma ku je gindinsa ku ga yadda ake shimfiɗa tabarmi. Akwai abin da ya faru, kuma abin haushi ne. Ku gyara zama.

A can da, a bayan tafkin gishiri, an yi wata ƙasa mai suna Tumbarka. Mutanen ƙasar suna iya tuɓe inuwarsu kamar yadda kuke tuɓe riga. Sun gano cewa kibiya inuwa take bi kafin ta sami jiki, saboda haka duk wanda zai fita yaƙi sai ya tuɓe tasa, a ninke, a ajiye masa. Dabarar ba ta hana mutuwa, domin takobi da dutse ba ruwansu da inuwa, amma tana ragewa.

Mai ajiyar inuwa wata dattijuwa ce, Yalwa. Tana da rumfa a bakin ƙofar gari cike da tuluna, kowane tulu da inuwar mutum ɗaya a ciki. Ga yadda al'adar take. In an dawo, wanda ya ja rundunar zai tsaya a gaban rumfar, ya cire kwalkwalinsa, ya kira sunan duk wanda bai dawo ba da bakinsa. Yana kiran suna, inuwar mamacin za ta fito daga tulu, ta bi lungu ta tafi gidansu, ta kwanta a ƙofar gida inda aka share mata wuri. Nan iyalinsa za su riƙa zama suna shan sanyinta har tsufansu. Sai mai jan rundunar ya gama da suna na ƙarshe sannan a shimfiɗa masa tasa a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka.

Sarkin yaƙin Tumbarka a zamanin nan shi ne Kandarmai, ɗan yayan Yalwa. Ita ta goya shi da uwarsa ta rasu, akushi ɗaya suka ci da ɗanta Tanimu. Da ya girma ya zama abin tsoro. Karkanda yake hawa, mai sulke har hanci, gashin jimina na kaɗawa a kan kwalkwalinsa. Ya ci garuruwa da yawa, har ya fara cewa abu biyu ne ba ya yi a duniya: ba ya sunkuyawa, ba ya ɗaga kai ya kalli wani abu.

To, sai wani falke ya ba shi labarin birnin Walwala, wanda ganuwarsa sai mutum ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi kafin ya ga ƙarshenta. Mutanen Walwala ba su taɓa satar masa ko akuya ba. Amma ya ce ganuwar raini ce, lallai sai ya rushe ta. Ya kwashe mazan Tumbarka kaf, har da Tanimu.

Yalwa ta riga kowa sani. Inuwar mai rai tana da ɗumi, ta matacce kuwa sai tulun ya yi sanyi ya fara zufa. Wata safiya tana zagaya rumfar tana taɓa tuluna, ta ji wannan ya yi sanyi, na kusa da shi ma haka, jeri guda har bango. Ta daɗe a tsaye kafin ta iya kai hannu kan na Tanimu. Da ta taɓa, ba ta yi kuka ba. Ta koma gida ta ɗauki tsintsiya ta share gindin tsamiyar ƙofarta.

Waɗanda suka tsira ne suka kawo sauran labarin, suna faɗa ƙasa-ƙasa. Mutanen Walwala ba su harba kibiya ko ɗaya ba, duwatsu suka yi ta mirginowa. Da aka juya da gudu, Kandarmai ne ya fara ƙetare gadar igiya da ke kan kwazazzabo. Yana ƙetarewa ya sare igiyoyin, mutanensa na can baya suna kiransa.

Amma ku ji yadda ya shigo gari. Da kalangu da kirari, wai an yi nasara. Ya tsaya a gaban rumfar, ko saukowa daga karkanda bai yi ba.

Ya ce, "Gwaggo, na dawo. Miƙo min tawa."

Yalwa ta ce, "Sannu da hanya, Kanda. Cire kwalkwalin."

Duk Tumbarka ita kaɗai ke kiransa haka. Ya ɓata rai ya ce, "Nasara fa muka yi."

Ta ce, "Madalla. Nasarar ce ta cinye mana maza? Kira su, matansu na jira."

Ya yafito maroƙinsa ya ce ya kira. Yalwa ta ɗaga hannu ta ce, "Bakin da ya ce su tafi, shi zai ce su dawo. Tun kana tsirara ka san haka."

Kandarmai ya dubi taron mata, ya gyara murya. Ya ce, "To. Akwai wani dogo mai tabo a kunci. Da wani baƙi. Da wannan mai yawan tarin."

Ko tulu ɗaya bai motsa ba. Sai wata mata mai suna Tabawa ta kutso gaba ta ce, "Mai tarin mijina ne, ranka ya daɗe. Shekara da shekaru shi ke wanke maka dabbar nan da kake kai. Yana da suna."

Nan kowa ya gane. Sarkin yaƙin Tumbarka bai san sunan mutanensa ba. Tun da yake, "kai" da "ku" yake kiransu. Ya juya karkandarsa ya tafi gida ba inuwa.

Rashin inuwa ba abin wasa ba ne. Wanda ba shi da ita, ko a ƙuryar ɗaki ya shiga, ranar tsaka ce a kansa. Sauran mayaƙan da suka tsira duk sun karɓi nasu, shi kaɗai ya rage. Fatarsa ta fara tsagewa, leɓensa ya bushe, ana ta zuba masa ruwa ruwan na ƙafewa kamar a kan tukunyar da ke kan wuta. Da abin ya ishe shi, sai ya zo rumfar wata hantsi da ƙafa, shi kaɗai, ya shige ciki ya sassauta murya.

Ya ce, "Gwaggo, mu yi maganar gida. Suna ɗaya na sani sarai, kin san wanda nake nufi. Zan kira shi yanzun nan, ya tafi gindin tsamiyarki ya kwanta. Ke kuma ki ba ni tawa ta bayan rumfa. Sauran, a ce wa matan tulunan ne suka lalace."

Ku sani Yalwa ta so. Ta so ƙwarai. Kullum da safe take share gindin tsamiyar nan, kullum ta dawo ta tarar da shi fayau. Ga tulun Tanimu a kusa da gwiwarta, kalma ɗaya ce tsakaninta da shi. Har hannunta ya kama hanyar tulun Kandarmai. Sai ta hango Tabawa ta tsakanin zana, zaune a rana inda ta saba zama tun ranar dawowa, tsintsiya a cinyarta.

Yalwa ta janye hannunta. Ta ce, "Ka sare gada ɗana na bayanka, yanzu kuma ka zo ka saye ni da sunansa? Fara da mijin Tabawa. Ga ta can, je ka tambaye ta, ba za ta hana ka ba. Daga nan ka bi gida-gida ka tambaya. Tanimu zai jira, ya zama na ƙarshe."

Ya ce, "Ni zan bi ƙofa-ƙofa ina tambaya kamar baƙo mai neman masauki?"

Ta ce, "Ai ƙofa-ƙofa ka bi ka kwashe su."

Idanunsa suka yi jajir. Ya ce, "To ki ji. Bakin nan ba zai taɓa kiran sunan ɗanki ba, na haɗiye shi." Ya zaro gatarinsa ya hau tulunan da sara, na matattu da nasa, bai bar ko ɗaya ba.

Inuwoyi suka malalo ƙasa kamar an kifar da rini. Ba wanda ya kira su, saboda haka ba su san hanyar gida ba. Suka yi ta kewaye a filin ƙofar gari, mata na bin su da gudu suna kiran mazansu, amma kiran mata ba ya kai su gida. Sai inuwoyin suka ga inuwar Kandarmai kwance a tsakiya, mai faɗin kafaɗa. Suka taru a kanta, suka kama ta, suka ja ta can gefen fili.

Kandarmai ya bi ta, ta matsa. Ya ƙara bi, ta ƙara matsawa. Ya tsaya a kan wani tudu yana haki.

Yalwa ta fito daga cikin fasassun tuluna ta ce, "Kanda, har yanzu da sauran hanya. Sunkuya. Tambayi sunayen."

Ya ce, "Ba na sunkuyawa. Tawa ce, ita za ta dawo ta same ni."

Ya miƙe ƙyam, ya ɗaga dunduniya don ya hango ta da kyau. Ta ƙara nisa, ya ƙara miƙewa. Haka ya tsaya rana na cinsa, yana ƙara tsawo, ba ya ci ba ya sha. Ƙafafunsa suka nutse a ƙasa suka yi saiwa. Sulkensa ya manne da fata ya zama ɓawo. Gashin jiminar kwalkwalinsa ya baje ya zama ganye. Sunan da ya haɗiye kuwa ya tsaya masa a tsakiya, bai hau ba bai sauka ba. Kun ga kumburin nan da ke cikin giginya? Shi ne.

Yalwa ba ta ƙara yi masa magana ba. Ta taka ta je inda inuwoyin suka taru suna riƙe da tasa, ta bi gefensu tana dubawa, har ta ga wata mai kafaɗar hagu a ɗan karkace, irin ta mai ɗaukar kaya tun yana yaro. Ta Tanimu ce. Ta shimfiɗa tabarmarta a nan ta zauna. Tabawa ta zo ta sami nata wurin, sauran matan ma haka. In rana ta juya inuwar ta matsa, sai su naɗe tabarmi su bi ta. Gindin tsamiyar Yalwa kuwa haka ya zauna a share, ba abin da ya taɓa kwanciya a wurin har ta bar duniya.

Shi ya sa har yau in kuka tsaya a gindin giginya, rana ce za ta dake ku, inuwarta na can wajen waɗanda ba su ko matso kusa da ita ba. In iska ta kaɗa kuka ji ganyenta na ƙaraf-ƙaraf a sama, Kandarmai ne yake laluben sunayen da bai taɓa tambaya ba. Har yanzu bai kira ko ɗaya ba.