Jatau Maharbi da Wutsiyar Kyanwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Kyanwa ce ta tare a gidan Jatau maharbi, mutumin da karnuka kaɗai ya sani. Kullum sai ya ɗora ta a cinya ya yi ta shafa. In abin ya ishe ta sai ta kaɗa wutsiya, shi kuwa ya ɗauka murna ce, ya ƙara ƙaimi. Ita kuma ta gartsa masa cizo.

Ran nan ya rantse sai ta bar gidan. Kyanwa ta kai ƙara wurin Dila, malamin daji.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, wutsiyar kare ce ke cewa a ƙara. Tawa cewa take ya isa."

Dila ya sa aka kira Jatau, ya zaunar da shi, ya shiga shafa masa kai. Tun Jatau yana lumshe ido har ya fara mutsu-mutsu, can sai ya make hannun Dila.

"Haba Malam, ya isa mana!"

Dila ya ce, "Ashe kai ma ka iya cizo! To, in ka ga wutsiyarta na kaɗawa, janye hannunka."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, Kyanwa ta koma cinyar Jatau.