Hatimin Da Malam Sallau Ya Ƙi Bugawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da in kana son sanin abu sai ka taka da ƙafarka ka je inda littafi yake. Sunansa Malam Sallau. Na can baya ku matso, yau maƙogwarona ba daɗi, ba zan yi ta ɗaga murya ba.

Malam Sallau ma'aikacin ɗakin karatu ne, wato laburare. Shekara ashirin da wani abu aikinsa ke nan: ya jera littattafai a kanta, ya liƙe wanda ya yage, ya ba mutum aro, ya karɓa in an dawo da shi. Masu irin wannan aiki suna da ƙungiyarsu, ƙungiyar kuma ta raba ƙasa shiyya-shiyya, kowace shiyya da wakilinta. Da aka zo zaɓen wakilin shiyyarsu sai kowa ya noƙe, don ba komai a ciki sai wahala, sai yawo a kan babur daga wannan gari zuwa wancan, sai rubuta rahoto. Aka waiwaya aka ga Malam Sallau a gefe, aka ce, "Malam, kai ne." Ya ce, "To, Allah ya ba ni ikon riƙewa." Ɗakunan karatu tara aka damƙa masa.

Yanzu ku saurara da kyau, don in wannan ya wuce ku sauran ma zai wuce ku. A cikin bangon kowane littafin laburare akwai 'yar takarda da ake liƙawa. In ka ari littafi, ma'aikaci zai ɗauki hatimi mai kwanan wata, ya dangwala a tawada, ya buga maka ranar da za ka dawo da shi. Ƙwas! Bugu ɗaya, aro ɗaya. Shi kuwa hatimin nan da yatsa ake murza shi. Kana iya mai da shi kowace rana ka ga dama, ta jiya, ta watan jiya, har ta bara.

Ana nan sai hukumar da ke riƙe da ɗakunan karatu ta ce sun yi mata yawa. Ta ce wa ƙungiya, duk ɗakin da aronsa bai kai ɗari uku a shekara ba, a kawo sunansa, za a rufe shi a kwashe littattafan zuwa birni. Wakilai su za su je su ƙirga hatimi, su cika fom, su sa hannu. Aka ba su kwana arba'in.

Malam Sallau ya hau baburinsa. Ɗakuna takwas suka tsallake. Na taran yana wani ƙaramin gari a bakin kogi, wata baiwar Allah ce ke riƙe da shi, Malama Ladidi. Ya iso bayan azahar, ya tarar ɗaki cike maƙil, benci ba wurin zama, wasu a tabarma. A kusurwa ga wani tsoho, Baba Nomau, wanda idonsa ya mutu, Malama Ladidi na karanta masa wani littafin tarihi, dattawa uku sun kasa kunne tare da shi. Malam Sallau ya ce a ransa, alhamdu lillahi, wannan ai ko ƙirgawa ba sai na yi ba. Amma da yake aiki aiki ne, ya zauna ya buɗe littattafai ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sittin da ɗaya.

Ya ce, "Malama, yaya haka? Ɗaki cike da mutane, aro sittin da ɗaya?"

Ta ce, "Malam, mutanen garin nan ba sa aro. Da can wani ya ari littafi, ɗakinsa ya yi yoyo, littafin ya jiƙe ya lalace. Kunya ta sa ya yi wata uku ba ya bin ta ƙofar nan. Tun daga ranar kowa ya ce kayan hukuma ba sa kwana a gidansa. Sai su zo nan su karanta su tafi."

Kun ji fa. Mutane ne masu tsoron amana. Amma fom ɗin da aka ba Malam Sallau ba shi da gurbin wanda ya zauna ya karanta, ba shi da gurbin makahon da aka karanta wa. Aro kawai ya sani.

Da mutane suka watse, Malama Ladidi ta jawo aljihun tebur ta fito da hatimi da tawada ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Malam, wuni ɗaya ya ishe mu. Ni in murza, kai ka buga. Ai ba ƙarya ba ce, an karanta littattafan nan, da idonka ka gani."

Ya ce, "An karanta, Malama. Amma ba a ara ba. Aro aka tambaye ni."

Ta ce, "Haba Malam! Duk sauran wakilai abin da suke yi ke nan, kowa ya sani."

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "Wallahi ba don kaina nake roƙonka ba. Ni in an rufe, wani wuri za a mai da ni. Baba Nomau fa? Ina za a mai da shi?" Sai hawaye.

Kada wanda ya zagi matar nan a zuciyarsa. Ni da nake zaune a gabanku da rawani, na sha tambayar kaina, in ni ne a kujerar nan, hatimi a gabana, mace tana kuka, da ban buga ba? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Malam Sallau ya ce, "Malama, saura kwana ashirin da uku. Garin nan mutum nawa ne a ciki? Sun fi dubu uku. In mutum ɗari biyu da arba'in kacal suka zo, kowa ya ari littafi ɗaya, ya kwana da shi ya dawo da shi, mun tsallake, kuma ba mu yi wa kowa ƙarya ba. Mai da hatimin aljihu. Za mu buga shi, amma a kan gaskiya."

Bai tsaya ba. Ya tafi wurin dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga halin da ake ciki." Dagaci ya ce, "Af, wannan ai mai sauƙi ne." Ya sa aka yi shela. Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam Sallau ya miƙe, mutumin da ko a taron suna ba ya magana, ya tsaya ya ce, "Jama'a, don Allah littafi ɗaya. Ba a ce ku biya komai ba. Ku zo ku ɗauka, ku dawo da shi gobe. In ya lalace ni na ɗauki laifin." Masallaci ya amsa baki ɗaya, "In sha Allahu, Malam! Gobe-goben nan!"

Gobe ta yi, mutum shida suka zo. Jibi, huɗu. Aka ce yau kasuwa ce. Aka ce an yi ruwa, kowa ya tafi shuka. Aka ce ana biki a gidan wane. Masu zuwa karatu kullum ma, da aka miƙa musu littafi, wasu suka ɗauka, wasu suka ce, "A'a, Malam, bari dai wasu su fara." Kowa yana cewa mutum dubu uku ne a gari, ba sai da ni ba. Kai mai shuɗiyar riga, kana dariya, ai ka san irin maganar, ka taɓa faɗinta.

Mutum ɗaya ne bai yi fashi ba, Baba Nomau. Makaho! Kullum zai lallaɓo da sandarsa ya ce, "Ɗana, ba ni na yau." A buga masa hatimi, ya naɗe littafin a gyalen matarsa, ya rungume ya kai gida, washegari ya dawo da shi ya karɓi wani. Malam Sallau ya ce, "Baba, wa ke karanta maka a gida?" Ya ce, "Ba kowa. Ai aro ka ce, ga shi ina ara."

Ranar ƙarshe Malam Sallau ya zo tun da hantsi ya zauna, ƙofa a buɗe, hatimi a gabansa. Mutane suna wucewa ta bakin ƙofa, suna ɗaga masa hannu, "Sannu da aiki, Malam!" Su wuce. Ya zauna har aka kira la'asar. Aka ƙirga, ɗari da talatin da huɗu. Malama Ladidi ta tura hatimin da yatsa zuwa gabansa, a hankali. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta ɗari da talatin da huɗu, ya sa hannu. Ya haɗa da wasiƙa shafi uku, yana bayanin yadda ɗakin ke cika, da dalilin da ya sa ba a aro, yana roƙon a zo a gani da ido.

Aka yi babban taron ƙungiya a birni. Shugaba yana karanta sakamako shiyya-shiyya. Wannan shiyya, duk sun tsallake, tafi raf-raf-raf. Waccan, duk sun tsallake, har da wani ɗaki da kowa a zauren ya san shekara guda ke nan da kwaɗo a ƙofarsa, jemagu ne ke kwana a ciki. Aka zo kan shiyyar Malam Sallau, ɗaki ɗaya ya faɗi. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wasiƙar da na haɗa, in an yarda a karanta." Shugaba ya dubi agogo ya ce, "Malam Sallau, lokaci ya ƙure, za a duba." Na kusa da shi ya jawo gefen rigarsa ya raɗa masa, "Zauna, don Allah. Kai kaɗai ne ba ka da yatsan murza hatimi?" Ba a taɓa buɗe wasiƙar ba.

Bayan wata biyu babbar mota ta zo garin bakin kogi. Shi aka sa ya tsaya a kan lodin, tunda shi ne wakili. To ranar fa jama'a ta fito! Subhanallahi, ranar ba kasuwa, ba shuka, ba biki. Maza da mata sun fi ɗari biyar, sun cika fili, suna kallo ana ɗora littattafai. Suna nuna shi da baki, "Ga shi can, shi ya rufe mana laburare. Mugu, ko tausayi babu. An ce sauran wakilai duk sun rufa wa nasu asiri." Mutanen da suka ce masa gobe, su ne dai. Shi kuwa ya ci gaba da duba lodi. Baba Nomau ya lalubo shi a cikin taron ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, to gobe ina zan zauna?" Malam Sallau ya riƙe hannun tsohon har aka gama lodi.

Na ga kuna jira in ce daga baya gaskiya ta yi halinta, an gane, an kira shi an ba shi haƙuri, an buɗe ɗakin. Da haka ne da na fi kowa murnar faɗa muku. Ba haka aka yi ba. Littattafan da aka kai birni ba a sami wurin jera su ba, aka jibge a wani sito, gara ta cinye. Ɗakin aka mai da shi wurin ajiye taki. Malama Ladidi aka tura ta wani gari mai nisa, har ta tafi ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Baba Nomau ya yi kwanaki yana zuwa bayan azahar ya zauna a dakalin ƙofar, daga baya ya daina fitowa, kafin wata damina ya rasu. Da zaɓe ya zagayo aka sauke Malam Sallau, aka ce wakilin da bai iya kare nasa ba, me za a yi da shi.

Wani amininsa ya taɓa tambayarsa bayan ya tsufa, "Sallau, ka yi nadama?" Ya ce, "In aka dawo da ranar ba zan buga ba. Amma kada ka zaci na huta. Tambayar tsohon nan har yau ban sami amsarta ba." Haka ya koma ga Mahaliccinsa, sahu biyu aka yi a jana'izarsa. Sakamakonsa yana wurin Allah, mu dai ba mu ga ko ɗigonsa a nan ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tashi da shi. Gaskiyar mutum ɗaya ba ta iya riƙe gari. Malam Sallau bai rufe ɗakin nan ba, hukuma ma ba ita kaɗai ta rufe ba. Waɗanda aka roƙa littafi ɗaya suka ce gobe, su suka rufe shi. Kuma abin da ke karya mini zuciya, halinmu ke nan har yau, ni da ku. Hedimasta ya kira taron iyaye, mutum bakwai su je. Malamar asibiti ta ce a fito ranar kaza don a ga ana amfani da wurin kada a ɗauke shi, mu ce wasu za su je. In abin ya zo lalacewa kuma sai mu bi su da daɗin baki, mu ce, "Haba, ƙara sunaye mana, cika takardar, wa zai sani?" Muna so su ɗauki zunubin ƙarya a wuyansu don kada mu ɗauki wahalar tafiyar minti goma. Wanda ya yi mana ƙaryar mu ce ɗan albarka ne, wanda ya ƙi mu ce mugu. Sannan mu zauna a dakali muna cewa masu gaskiya sun ƙare. Ba ƙarewa suka yi ba, mu ne muke barinsu su kaɗai a ɗaki, da hatimi a gabansu, muna wucewa muna ce musu sannu da aiki.

Kowa a nan ya san wani bawan Allah da ya roƙe shi abu kaɗan don amfanin jama'a, ya ce masa gobe. Ba na tambayarku sunansa, kun san shi. Yana can yana jira, kuma kwanakinsa ƙirgaggu ne. Allah ya yafe mana goben da muka yi ta faɗa, ya jiƙan waɗanda suka mutu suna jiranta. Ku tashi, an kusa kiran salla.