Mai Maganin Ƙaya da Ɗansa Ilyasu

An yi wani mutum a garin nan namu na Madarumfa, ya 'yan uwa, masunci ɗan masunci. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Gidansu gidan maganin ƙaya ne tun kaka da kakanni. In ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a maƙogwaro, can ake rugawa da shi. Mutumin ya yi tofi a ruwa, ya shafa wuya, a ba yaro ya sha. Daga Gabi ana zuwa, daga Ɗan Issa ana zuwa. Sannu a hankali abin ya hau masa kai. Yakan tsaya bakin tafki ya ce, kowa na ji, tun da aka kafa gidansu kifi bai taɓa kai wani ɗan gidansu likita ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Mutane su ce, "Sai kai!" Shi kuwa ya ƙara buɗe kafaɗa.

Ɗa namiji guda Allah ya ba shi, Ilyasu, ɗan fari, saurayi ƙaƙƙarfa mai tuƙa masa kwalekwale. Shi ne zai gaji maganin. Uban yana sonsa ƙwarai, wannan kada wanda ya yi shakka.

Wata safiya suna zazzage koma, Ilyasu ya taka kifin nan kurungu, ƙafa ba takalmi. Kun san ƙayar kurungu, kamar zarto take. Ta shige tafin ƙafa, ta karye a ciki. Uban ya tono abin da ya tonu da wuƙar gyaran kifi, ya tofa, ya cusa garin magani, ya ɗaure da tsumma. Washegari yaro ya koma cikin taɓo da wannan ƙafar. Likita kuwa, wato ƙaramin asibitin garin, daga ƙofar gidansu in ka ɗauki tuwo da zafi ba ya hucewa kafin ka isa.

Kwanaki suka ja, ƙafa ta kumbura ta fara wari. Uwar yaron, Atika, ta durƙusa ta ce, "Malam, a kai yaron nan likita a wanke ƙafar, a yi masa allura."

Ya ce, "A ce ƙaya ta kai ɗan gidan nan likita? Da wane ido zan dubi mutane?"

To ku ji abin da ya yi. Ranar kasuwa ya zagaya ta baya wurin mai tallar magani a kan keke, wanda rana ta gama gasa kayansa, ya sayo kafso, ya ce na maƙwabci ne. Kun gani? Ashe a ransa ya san maganinsa ya gaza. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a gan shi zaune a bencin likita. Ina tambayarku, wa yake ɓoye wa? Wanda ya halicci kurungu?

Sai bakin Ilyasu ya kulle. Haƙora suka haɗe, ko kunu ba ya shiga. In an buga ƙofa da ƙarfi, jikinsa ya sandare, bayansa ya banƙare, yana nishi ta hanci. Amma uban ya ce iskar ruwa ce ta taɓa yaron. Aka kunna turare har ɗaki ya turnuƙe. Haka muke, mu yi sakaci da hannunmu, mu ɗora wa aljanu.

Atika ba ta taɓa kama sunan ɗan nan ba tun da ta haife shi, saboda kunyar ɗan fari. Ran nan ta fito tsakar gida ba mayafi, gaban maƙwabta, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Ilyasu zai mutu! Jama'a, Ilyasu ɗana zai mutu!" Sai a lokacin mutumin ya sa aka kawo amalanke, aka kai yaron likita.

Majo, shugaban likitar, ya kwance tsumman ya duba, ya ce wannan cuta sunanta tetanos, ta cikin rauni mai datti take shiga, kuma ta riga ta fi ƙarfinsu, sai babban asibitin Maraɗi. Ya ce, "Baba, da ranar kuka zo, wanki ne da allura, ya koma gida da ƙafarsa."

A motar Maraɗi uban ne ya rungume ɗansa. Kowane rami suka faɗa, sai ya ji jikin yaron ya ƙage a hannunsa kamar itace. Ma'aikatan Maraɗi sun yi iya ƙoƙarinsu, amma an makara. Uban ya sunkuya yana laƙƙana masa kalmar shahada, bakin bai buɗu ba. Ilyasu ya dube shi, ya ɗaga yatsa guda. Shi ke nan.

Yau kwalekwalen yana kife a bakin tafki, gara na ci. Atika tana ajiye wa mijin abinci, ba ta ce masa uffan. Ba a ƙara kawo masa yaro ba. Sunan gidan da ya tsare da ran ɗansa ya mutu, domin magajin maganin yana maƙabarta. In kun gan shi da hantsi zaune yana kallon ruwa, ku yi masa sallama ku wuce, ba ya amsawa.

Wani zai ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na Allah ne. Amma ɗa amana ne, kuma za a tambaye ka ina ka kai amanar ranar da ta yi ciwo. Girman kai ne ya halaka wannan mutum, ya 'yan uwa, ba kurungu ba. Ƙarfe ko ƙaya ta shige ka, zazzaɓi ya kama yaro, mace ta ga jini da ciki, ka tashi ka nufi likita tun ranar, kana addu'arka a hanya. In sun ce Maraɗi, kada ka koma gida shawara. Mai keke ba ya duba rauni, kuma masu ce maka "sai kai" ba su za su haƙa kabari a zuciyarka ba.

Ya Allah, ka jiƙan Ilyasu, ka sanyaya zuciyar uwarsa, ka yafe wa ubansa. Allah ya kiyaye mu da girman kan da zai sa mu binne 'ya'yanmu da hannunmu. Amin.