Amyar Tasalla da Kabewar Nomau

Ku sakar min zani ku zauna. Wanda ya ƙara mintsinin ɗan'uwansa zai kwana bai ji ƙarshenta ba. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun yi shiru.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Tasalla. Ba ta da gona, ba ta da ko akuya, sai amya guda a kan tsamiyar bayan ɗakinta. Da hannunta ta saƙa ta da ciyawa, ta shafe ta da kashin shanu, ta yi mata turare, har ƙudan zuma suka zo suka tare a ciki. Da bazara sai ta ajiye musu kasko da ruwa, ta jefa karare a ciki don kada su nutse. In ta tashi ɗiba, sai ta ɗauki rabin saƙa ta bar musu rabi. Ta tace, ta ɗura a gora, ta kai kasuwa. Da wannan take ci, da shi take sutura.

Danga ɗaya ce tsakaninta da wani mai lambu, sunansa Nomau. Ni ko sunan mutumin nan na kira sai raina ya ɓaci. Kabewarsa sai ƙato biyu sun kama take tashi daga ƙasa, ga kankana, ga mangwaro har rassa na karyewa. Kullum yana bugun ƙirji a dandali wai hannunsa ne mai albarka.

Ran nan yana ban ruwa, sai ya ga ƙudan zuma ya shige cikin furen kabewa. Ya fito ƙafafunsa sun yi rawaya da garin fure, ya tsallake danga, ya nufi tsamiya. Sai Nomau ya yar da tulu, ya tafi gidan tsohuwa ko sallama babu.

Ya ce, "Inna, ashe ɓarayi kike kiwo? Zumar da kike sayarwa furena ce."

Tasalla ta ba shi haƙuri, ta cika masa ƙoƙo da zuma farar saƙa saboda maƙwabtaka. Ya shanye a tsaye, ya lashe yatsu, ya tafi ko na gode bai ce ba.

Da kasuwa ta zagayo, sai ya tare ta a ƙofar gida, ya ce ƙoƙo ɗaya ba zai biya ɓarnar da ake masa ba, a raba goran zumar biyu. Tsohuwa ta haɗiye fushinta ta raba. Ran nan da ruwan kanzo ta kwana.

Sai ya dawo na uku. Wannan karon wai amyar yake so ɗungurungum, a sauke ta a kai lambunsa, tun da abincin ƙudan a can yake. Tasalla ta miƙe da sandarta.

Ta ce, "Malam Nomau, na ba ka ƙoƙo, na ba ka rabin gora. Amya kuwa sai dai in bayan raina. Fita min daga gida."

Kun san abin da la'anannen nan ya yi? Ya jira ta tafi kasuwa. Ya lulluɓa da tsohon bargo, ya ɗaura harawa a kan sanda mai tsawo, ya barbaɗa mata barkono, ya cinna wuta, ya cusa a bakin amya da rana tsaka. Ciyawa ce fa, nan da nan ta kama. Zuma ta narke tana bin jikin tsamiya. Manyan ƙudan suka tsere, 'ya'yan da ke cikin saƙa ba su da fiffike, suka ƙone ƙurmus.

Tasalla ta dawo ta tarar da toka. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai, sai ga sauran ƙudan sun dunƙule a reshe, uwarsu a tsakiya. Uwar zuma ta ce mata sun gama da garin nan, da safe za su shiga daji. Tsohuwa ta san in sun tafi, ta bar cin tuwo ke nan. Ta zauna a gindin tsamiya tana saƙa sabuwar amya, ciyawa na yanka mata yatsu, tana roƙonsu. Da ta gama ta wanke kasko ta zuba sabon ruwa.

Uwar zuma ta daɗe tana kallon kaskon nan. Sai ta ce, "Don ruwanki za mu zauna. Amma dangar can, ko ɗayanmu ba zai ƙara tsallake ta ba. Kuma zan aika wa danginmu na daji."

Nomau ya ji, ya yi dariya, wai ya huta da ɓarayi. Kabewa ta yi fure, lambu ya yi rawaya shar, ko ƙuda ɗaya bai leƙa ba. Sai furen ya yi yaushi ya zube, babu ɗa. Ya ƙara taki. Kankana ta yi fure, ta zubar. Ya ƙara ruwa har kafaɗarsa ta kumbura. Mangwaro ya yi fure, iska ta share shi tas. Ana nan rumbu ya ƙare, matarsa ta kife tukunya a gabansa ta ce ya dafa bugun ƙirjin su ci.

A nan ya gane ƙudan nan ne albarkar lambunsa. Sai ga Nomau a ƙofar Tasalla, yau har da sallama, hula a hannu. Ya durƙusa a gindin tsamiya, ya ce a yafe masa, a dawo lambu, ko duk furen za a cinye ya yarda.

Uwar zuma ta leƙo ta ce, "Furenka ne, mun bar maka, ka ci. Ranar da ka dawo min da 'ya'yana, ranar za mu tsallake."

Ya juya wajen tsohuwa yana Inna, Inna, ki sa baki. Tasalla ta duƙa ta tsinci gashin kaza a ƙasa, ta miƙa masa. Ta ce ya riƙa ɗebo garin wannan fure yana shafa wa wancan, ɗaya bayan ɗaya, kafin rana ta yi zafi su rufe. Aikin ɓarayin ke nan, tun da ya kore su sai ya yi da kansa.

Haka Nomau ya koma. Kullum da sassafe yana duƙe da gashin kaza, fure ya fi ƙarfinsa, ƙugu ya sage. Ƙudan zuma na wucewa ta samansa zuwa lambun wasu. Duk wahalar nan kabewa ɗaya ya samu, ba ta fi dunƙulen hannuna ba. Ya zauna a kan kunyar lambu riƙe da ita, ya dubi yatsunsa, sun yi rawaya da garin furen nan da ya ƙone amya a kansa.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa cikin kasko. Kafin ku kira wani ɓarawo, ku duba ko shi ke ciyar da ku. Ku tashi ku kwanta, kuma in na ƙara ganin wani da dutse a gindin tsamiyar bayan gida, ni da shi ne.