Babbar Riga a Rumfar Niƙa

A shekarun da injin niƙa ya fara yawa a cikin birnin Kano, an yi wani makaniki a Gwammaja mai suna Ɗantani. Ɗan gidan maƙera ne, amma tun da ya koyi gyaran inji wajen wani Balarabe a Fagge sai ya fara jin kunyar baƙin hannu. Aiki kam ya iya, ba a musu. Aibinsa ɗaya, ba ya ƙaunar a gan shi cikin tufafi masu maiƙo. So yake a ce ga Malam Ɗantani, kada a ce ga mai gyara.

Wata Juma'a yana dawowa daga masallaci cikin sabuwar babbar riga da ta sha bugu tana ƙyalli, sai Malam Isyaku mai injin niƙa ya tare shi.

"Taimake ni, Ɗantani. Inji ya mutu tun hantsi, ga Gwaggo Hajo can zaune da dawarta, gobe sunan jikanta."

Suka isa rumfar. Tsofaffin mata sun jeru da ƙorai, masu dawowa daga masallaci kuma suka tsaya kallo. Ɗantani ya ga datti ne ya toshe hanyar mai. Ya tattare rigarsa a kafaɗa, ya kwance bututun, ya busa, ya mayar.

Malam Isyaku ya ce, "Tuɓe rigar nan ka rataye kafin ka tayar. Bel ɗin da ke juya injin a buɗe yake, zai iya cafke ta."

Ɗantani ya san gaskiya ce. Sai dai a ƙarƙashin rigar wata tsohuwar taguwa ce mai faci, duk baƙin mai, ga idanu a kansa. Ya murtuke fuska.

"Baba, ni za ka koya wa inji? Shekara bakwai ina wannan aiki, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba."

Gwaggo Hajo ta ce, "Haba ɗan nan! Mun ga mahaifinka da warki a maƙera, kuma bai rage shi da komai ba."

Wannan magana ta ƙara tunzura shi. Ya kama hannun tayarwa ya murɗa da ƙarfi. Inji ya yi tari, ya fesa hayaƙi, ya tashi. Mutane suka ce madalla. Daɗi ya kama shi, ya sunkuya don ya ɗaure wani noti, sai rigar ta zame daga kafaɗarsa. Bel ya fizge ta, ya haɗa da hannunsa na dama. Kafin Malam Isyaku ya kashe injin, abin da zai faru ya faru. Wuri ya ɗauki salati.

A asibiti aka yanke masa shi daga gwiwar hannu. Bayan kwana arba'in ya dawo gida, matarsa ta ajiye masa tuwo. Ya daɗe yana kallon akushin. Can ya yi bisimilla, ya sa hannun hagu, hawaye na ɗiga a kan miyar. Wallahi abin tausayi, bai sake riƙe sifana ba har ya bar duniya.

Darasin labarin nan shi ne, ba abin kunya a cikin tufafin sana'ar da ke ciyar da mutum. Duk wanda ya fifita yadda mutane za su gan shi a kan gargaɗin da zai tsare lafiyarsa, to masu kallon za su watse su bar shi shi kaɗai da ciwonsa.