Ƙwan Yara da Dagaci Ɗanbaba

An yi wani dagaci, Ɗanbaba, mutum mai tsananin kula da tarbiyyar 'ya'yan mutane. Da ma'aikatan lafiya suka ce a riƙa ba kowane yaro dafaffen ƙwai a gidan renon yaran ƙauyen, har suka aiko da ƙwan, sai ya sa aka kirawo Tabawa mai girki.

Ya ce, "Tabawa, kin san yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake tashi."

Ta ce, "Haka magabata suka ce, ranka ya daɗe."

"To, ƙwan nan a kawo gidana in adana. Amma ranar awon nauyin yara, in aka sami yaro ɗaya ya rame, a bakin aikinki."

"Su yi ƙibar ƙwai ba su ci ƙwai ba ke nan?"

"Ashe kin gane."

Tabawa ta miƙe, har ta sa takalmi ɗaya, sai ta dawo ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kai da kana yaro an ba ka ƙwai?"

"Ni? Ko ɓawonsa ban taɓa ba!"

"Madalla. Iyayen yara ne za su tambaye ni inda ƙwai ya shiga. In na ce gidanka, me zan ƙara musu? In ce ka ci kana yaro ka manta, ko in ce abin yana kama wanda bai ci ba ma?"

Dagaci ya daɗe yana gyara rawanin da bai karkace ba.

Can ya ce, "Je ki dafa musu."