Rigar Ɗigo Mai Zanen Kifaye

Akwai wani tela a bakin wata kasuwa, wanda laƙabi ya cinye sunansa na yanka. Kowa "Sai Gobe" yake ce masa. Ba mugu ba ne, jama'a, gajiyayye ne kawai da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ko aiki ya kai masa iya wuya, in aka miƙo yadi sai ya karɓa ya ce, "Leƙo gobe." Manya sun san goben tela, sai su yi dariya su ƙara mata mako biyu a ransu.

'Yarsa ɗaya ce, 'yar shekara uku, ana ce mata Ɗigo saboda ƙanƙantarta. Wata rana uwarta ta biyo da ita shagon. Ɗigo ta shige ƙarƙashin tebur, ta fito rungume da ragowar wani shuɗin yadi mai zanen kifaye, ta ƙi saki.

Uban ya ɗora ta kan benci, ya auna kafaɗa da ƙirji da tsawo, ya zana da alli, ya yanka nan take. Yadin da ƙyar ya isa. Ɗinki kawai ya rage, aikin da bai kai awa ɗaya ba.

"Baba, yaushe zan sa?"

"Gobe."

"Mece ce gobe?"

"In kin yi barci kin tashi, ita ce gobe."

Ya naɗe yankakken yadin ya ɗora can saman kantar shagon, ya koma kan kekensa.

Washegari yana neman takalmi sai ga ta a gabansa, ido duk kwantsa. "Baba, na tashi." Shi kuwa ɗinkin kayan makaranta ya taru masa har ƙofa. Ya shafa kanta ya ce gobe. Kashegari ma haka, har aka cinye mako uku.

Wata yamma ya dawo yana jan ƙafa, bayansa kamar an daka. Matarsa ta ajiye masa ruwa ta zauna.

"Baban Ɗigo, ka san abin da 'yarka ke yi kuwa? Yau sau uku tana kwanciya da rana tsaka. Sai ta rufe ido gam, ta ɗan jima, ta tashi ta ce mini ko gobe ta yi. Gani take barcinta ne bai isa ba."

Ya yi 'yar dariyar gajiya. "Yarinta ce, za ta manta."

"Ba ta san mako ba, ba ta san wata ba. Barci da tashi ta sani, da fitarka da dawowarka. Da abin da ka faɗa mata take auna kwana. Ka daure ka ɗinka mata."

Ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa masu kawo ɗinki.

Ranar da abin ya ɓaci, wata mata ce ta wanke shi tas a gaban mutane kan kayan bikinta. Ya shigo gida ransa a jagule. Ɗigo ta rugo ta kama wandonsa.

"Baba, yau na yi barci mai yawa."

"Ke, ƙyale ni in huta. Riga, riga, kullum riga."

Ta saki wandon, ta koma bayan uwarta. Daga ranar ba ta sake tambaya ba. Tela ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka ta manta. Mu manya haka muke: yaro ya yi shiru, sai mu ce magana ta wuce.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya yana laluben ƙaramin almakashinsa a saman kantar nan, hannunsa ya taɓo yadin. Ƙura ta rufe shi, amma zanen allin na nan. Kunya ta kama shi. Ya tura ƙofar shagon, ya bar masu jira suna mita a waje. Kafin rana ta take ya gama ɗinki, ya sa zif, ya goge, ya nufi gida da sauri.

Ɗigo na ganin kifayen ta hau tsalle, ta ɗaga hannu sama a sa mata. Kai ya shige da ƙyar. Hannu ɗaya ya maƙale. Da aka samu ya shiga, rigar ta tsaya mata can saman gwiwa, zif kuma ya hau rabin baya ya ƙi gaba. Tela ya juya ɗinkin ta ciki yana neman rarar da zai saki. Babu, kuma shi ya fi kowa sanin babu.

Ya zauna a ƙasa da rigar a cinyarsa, ya kasa kallon matarsa. Ɗigo ta leƙa fuskarsa, ta ga idonsa ya cika. Ta dafa kafaɗarsa.

"Ba komai, Baba. Ka ajiye mini. In na koma ƙarama sai in sa."

Darasi: Ƙaramin yaro ba da agogo ko kalanda yake gane lokaci ba, da maganar iyayensa yake gane shi. In ba za ka iya gobe ba, kada ka ce masa gobe. Aikin mutane zai jira ka, amma ƙuruciyar ɗanka ba ta jira, kuma ba ta dawowa. Ku tura wa duk uwa da uban da aiki ya sha musu kai, ko Allah zai sa wani ya cika alkawarinsa yau.